Jadawalin Launin Kogi

Litinin, 6:30 na yamma

Yau kogi shuɗi ne. Shekara talatin ina haɗa fenti, ban taɓa samun shuɗi mai kyau irin wanda Kamfanin rini yake zuba mana kyauta ba. Na tsaya a kan gada ina sha'awarsa har sai da wari ya dawo da ni hayyacina.

Malama ce ta ba ni wannan littafi. Ta ce in riƙa rubuta abin da na gani, don wata rana za a ce ba a yi ba. Ta daɗe da yin ritaya daga koyarwa, amma har yau ba ta iya ganin mutum a zaune ba ta ba shi aikin gida ba.

Mu uku ne a wannan harka. Ita ke tsara magana, Tela ke ɗinka kaya ya kuma yi wasan kwaikwayo, ni kuma mai rubuta allo. Sau huɗu muna kai wa Kamfani takardar koke. Sau huɗu ana ba mu lemo mai sanyi da kujera mai laushi, a rako mu har bakin ƙofa. Malama ta ce tunda kuka bai yi ba, bari mu gwada dariya. Ni na san za ta yi, don ba na yin aikin da ba ya yi.

Laraba, 1:00 na rana

Allo ya kusa kammala. Ƙafa goma sha biyu ne, da launin Kamfani, da tambarinsu, da irin harufansu masu ƙiba. Bai ba ni wahala ba. Ni na rubuta musu allon babbar ƙofa shekara goma sha biyu da suka wuce, hannuna bai manta ba. Ga abin da ke kai:

SANARWA GA MAƘWABTANMU MASU DARAJA. JADAWALIN LAUNIN KOGI. Litinin shuɗi. Talata ja. Laraba kore. Alhamis rawaya. Juma'a baƙi. Asabar duk abin da ya rage. Lahadi kifi ya huta, in akwai shi. KAMFANI NA YI MUKU FATAN WANKA LAFIYA.

Tela ya karanta ya riƙe ciki. Ya ce, "Kai, ina ka samo ranakun nan daidai haka? Kamar a ofishinsu kake kwana." Na ce masa mai fenti ido gare shi.

A nan zan iya faɗin gaskiya. Ba sai na je gada ba. Auta ƙanena direban tanka ne a Kamfani, shekara shida ke nan. Gida ɗaya muke, ƙofarsa na kallon tawa. Kullum da yamma yana tuɓe takalman aikinsa a bakin ƙofa, ni kuma ina wucewa in ga launin da ke jikinsu. Ban taɓa tambayarsa inda yake kai tankar ba. Shi ma bai taɓa tambayata abin da na lulluɓe da zane a shago ba.

Juma'a, 5:00 na yamma

Gimbiya, wato matata, ta ɗaga zanen yau. Ta karanta daga sama har ƙasa ba ta yi ko murmushi ba, alhali na san ta so yi.

Ta ce, "Maigida, in aka gane hannunka, wa za a kora? Kai dai ba ka da ogan da zai kore ka."

Na ce zargi daban, shaida daban. Kowa ya ga dama ya ce hannuna ne, babu wanda zai gan ni kusa da allon. Haka muka shirya da Malama: su za su kafa, ni ko leƙe ba zan yi ba. Aikin Auta ba zai taɓu ba, na faɗa mata sau biyu.

Mamana ta shigo shago, 'yar Auta, shekararta biyar, sunan mahaifiyarmu ta ci. Ta ce in ba ta buroshi. Na ba ta, ya faɗi, don bandeji bai bar ta ta dunƙule hannu ba. Ba zan rubuta maganar hannuwanta a littafin nan ba, ba don haka aka ba ni shi ba.

Asabar, 12:00 na rana

An yi! Ina shago kamar yadda aka umarce ni, amma Tela ya zo da bidiyo a waya, na kalla sau bakwai.

Ƙarfe bakwai na safe suka kafa shi a katangar gidan Malama, wadda ke fuskantar ƙofar baya ta Kamfani, inda tankoki ke fita zuwa gada. Da rana tsaka ma da sun kafa, don babu mai tambayar mutum in yana sanye da rigar aiki yana ɗauke da tsani. Sai ga Tela cikin kwat da laktaye, a matsayin manaja. Ya so ya cusa matashin kai a riga don ya yi tumbi, Malama ta ce Allah ya riga ya yi masa wannan aikin. Ya yanke kirtanin buɗe allo da almakashin ɗinkinsa, ya yi jawabi:

"Jama'a, akwai garuruwan da ruwansu ba shi da launi ko kaɗan. Abin tausayi! Ku kuwa mun ba ku shida a mako, ba mu taɓa neman ko godiya ba."

Malama na zagawa da faranti, ruwan kogi a kofunan gilashi, tana cewa, "Bismillah, na jiya ne, bai salamce ba." Wata mai wanki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta tashi kuma ta fara kuka, amma Tela ya yanke wannan wurin.

Mafi daɗi: Saje, tsohon sojan da ke gadin ƙofar baya, ya ƙame ya sara wa Tela.

Lahadi, 4:00 na yamma

Auta ya kalli bidiyon a wayar matarsa. Na ji daga ɗakina. Bai yi dariya ba, bai kashe ba.

Litinin, 11:00 na safe

Na wuce ta gada. Wucewa kawai, a kan keke, ba tsayawa. Babu dokar da ta hana mutum wucewa.

Sun ɗauki allon kafin ya gama bushewa. Na gaya wa Tela ya kwantar da shi a mota, ya tsayar. A ƙarƙashin Laraba koren fenti ya zubo, ɗigo ɗaya, tsawon ɗan yatsa. Mutane sun fi arba'in a wurin suna ɗaukar hoto, babu wanda ya lura. Ni daga tsallaken titi na gan shi.

Talata, 3:00 na yamma

Na ɓata allon mai shagon magani sau biyu. Duk inda na duba ɗigon nan nake gani. Hoton ya shiga wayoyin mutanen da ban sani ba, a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, kuma a cikin kowanne akwai ɗigo. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, kan ɗigo ɗaya yakan sa a kankare allo gaba ɗaya.

Aikin minti biyar ne.

Laraba, 2:00 na rana

Na gyara. Yanzu ko da gilashin likita ka zo ba za ka ga wurin ba.

Ina jingina tsani sai na ji murya a bayana: "A'a, yayan Auta! Ashe kai suka ba aikin?" Saje ne. Kwana huɗu yana kakkaɓe wa allon ƙura kowace safiya, yana korar yara daga jikinsa, shi a ganinsa dukiyar Kamfani ce.

Na ce, "Ɗan gyara ne, Saje."

Ya ce, "Kawo in riƙe maka, kada ka faɗo a bakin aikina."

Ya riƙe tsanin da hannu biyu. Da na sauko ya yaba aikin, ya ce shi ya sa yake son mai sana'ar da ya san abin da yake yi. Sannan ya shiga ɗakin gadi, na ga ya buɗe littafin baƙi yana rubutu a hankali, harshe a waje. Soja ne, ko kaza ce ta wuce sai ya shigar da ita.

Wa ke karanta littafin mai gadi? Babu kowa.

Alhamis, 6:00 na yamma

An kira Malama a rediyo. Yara sun mayar da jadawalin waƙar tsalle. Wani ya tsaya a gada da sassafe yana sanar da jama'a cewa Kamfani ya cika alkawari, yau rawaya ce. Takardun koke huɗu ba su yi abin da gwangwanin fenti uku suka yi ba. Na faɗa, ba na yin aikin da ba ya yi.

Juma'a, 7:00 na yamma

Ashe ana karanta littafin mai gadi.

An sauke Auta daga tanka da tsakar rana, an kai shi ofis na sama. Sun ce jadawalin ya yi daidai fiye da kima, dole wani na ciki ne ya bayar. Matarsa ce ta gaya wa Gimbiya, Gimbiya ta gaya mini, ba ta ƙara kalma ɗaya a kai ba. Da ma ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 8:00 na safe

Mun haɗu da Auta a bakin rijiya. Ya gaishe ni kamar kullum, ya ɗauki bokitinsa.

Litinin, 4:30 na yamma

Jami'in hulɗa da jama'a na Kamfani ya zo shago da kansa. Mai Murmushi muke ce masa, shi ne mai ba mu lemo. Ya duba ko'ina ya rasa wurin zama mara fenti, ya tsaya.

Ya ce, "Baba, mu fa iyali ɗaya ne. Mun ji daɗin barkwancin, har manaja ya yi dariya."

Na ce to madalla, in yi masa na ofis.

Murmushin bai motsa ba. Ya ce katangar Malama ce, ba za su taɓa ba, kuma ba sa son a gan su suna faɗa da allo. Abin da suke so shi ne ranar Alhamis, ƙarfe goma, in shafe shi da hannuna a gaban kyamara, in ce wasa ne ya wuce gona da iri. Auta zai riƙe mini tsani, don jama'a su ga zumunci. In na yi, Auta ya koma kan tankarsa. In ban yi ba, shi bai ce komai ba.

Da zai fita sai gefen rigarsa ya shafi gwangwanin ja. Ban gaya masa ba.

Talata, 5:00 na yamma

Mun zauna a falon Malama. Ta cire tabarau ta dube ni kamar na faɗi jarrabawa.

"Ɗigo! Mutum da furfurarsa, saboda ɗigo!"

Na ce ba ta san sana'a ba. Ta ce ta san wauta, shekara talatin da biyar tana yi mata maki. Tela ya ce a shafe kawai, mu yi wani, fenti bai ƙare a duniya ba. Malama ta ce in an shafe a gaban kyamara ba allo kaɗai aka shafe ba, daga ranar duk abin da muka faɗa ya zama wasa. Sai ta mayar da tabarau ta ce, "Amma allon naka ne, ƙanen naka ne. Ba zan ce maka yi ko bari ba."

Zan samu hanya. Ban taɓa rasa hanya a kan allo ba.

Laraba, 6:00 na yamma

Matar Auta ta zo ta tsaya a ƙofar shago, ba ta shigo ba. Daga asibiti suke, Mamana na barci a kafaɗarta. Bandejin ya kai gwiwar hannu.

Ta ce, "Yaya, da katin ma'aikatan Kamfani ake ganinta. Na ce bari in gaya maka, ko ba ka sani ba."

Na sani. Likita ya ce a canza ruwa. Zuwa ruwan wa za mu canza? Na ce ba zan rubuta wannan ba. Tsoro nake ji, shi ke nan, na rubuta.

Alhamis, 1:00 na rana

Na shafe.

Bokiti biyu ne a shago da safe, dukansu farare. Na daɗe a tsaye. Na ɗauki ɗaya.

Mai Murmushi ya tsaya can nesa, hankici a hanci, mai kyamara ma haka, don kogi ya yi ƙoƙari yau. Auta ya riƙe tsani, kansa a ƙasa. Na fara daga sama, layi layi, babu gaggawa. Ko shafewa ce, ba za a ce na yi ta a karkace ba. Minti arba'in. Na juya na faɗi abin da aka ce in faɗa. Wani daga cikin jama'a ya ce, "An saye shi."

Auta ya koma kan tanka kafin azahar.

Juma'a, 7:00 na safe

Sama wasai.

Asabar, 7:00 na safe

Babu hadari. Gimbiya ta ce tun yaushe na zama manomi da nake ta kallon gabas.

Litinin, 5:30 na yamma

Malama ba ta ɗaga wayata ba. Tela ya zo ya zauna, ya yi hirar komai ban da abin da ya kawo shi, ya tafi. Mai shagon magani ya karɓi allonsa bai tsaya shan ruwa ba. Sun sa bidiyona a shafin Kamfani da kiɗa mai taushi.

Ku yi ta yi. Ni na san abin da na sani.

Auta, wanda bai sani ba, shi ne ke hana ni cin abinci. Ban tambaye shi ba. Ya kamata in tambaye shi, ƙofarsa taku shida ce daga tawa.

Talata, 7:00 na safe

Gajimare kaɗan. Ya wuce.

Laraba, 3:00 na yamma

An sheƙa ruwa tun ƙarfe goma sha ɗaya, kamar ba za a daina ba.

Ban je ba. Tela ne ya faɗo shago jiƙe sharkaf, yana magana ba ta fita. Ya miƙo waya. Fari na gangarowa daga allon kamar madara, harufa na fitowa ɗaya bayan ɗaya, SANARWA da farko, sannan ranakun. Mutane sun fito daga inda suka fake sun tsaya a cikin ruwa suna karantawa da ƙarfi, suna ihu a kan kowace rana da ta bayyana. Da Laraba ta fito sai duk suka juya suka dubi kogi. Kore ne.

Tela ya rungume ni ya jiƙa ni. Ya ce, "Farar ƙasa! Shegen kaya, farar ƙasa ka shafa a kan fentin mai!" Malama ta kira, ta ce ta janye makin da ta ba ni.

Aiki ne mai kyau. Ban taɓa yin wanda ya fi shi ba, kuma ban ji daɗin komai ba.

Alhamis, 2:00 na rana

Auta ya dawo gida ƙarfe goma sha ɗaya na safe, da ƙafa. An karɓi makulli, an karɓi kati.

Juma'a, 6:00 na yamma

Wasu mutane da safar hannu sun zo gada suna ɗiban ruwa a kwalabe. An ce hukuma ce. Tankoki ba su fita ta ƙofar baya ba yau. Ban sa rai ba, amma na rubuta, tunda don haka aka ba ni littafin.

Sau uku ina zuwa ƙofar Auta. Sau uku ina wucewa zuwa rijiya.

Asabar, 4:00 na yamma

Shi ya zo. Ina wanke buroshi da kananzir ya shigo, ya jawo benci ya zauna kamar jiya ya bar shagon. Na ci gaba da wanke buroshin da ya riga ya fita tas.

Na ce, "Auta, ba kuskure na yi ba. Na san abin da na shafa. Na san ruwa zai wanke, na san wanda za a kora, kuma ban tambaye ka ba. Ka faɗi duk abin da za ka faɗa, na cancanta."



Ya ce, "Yaya, kai kaɗai ka tashi a shagon Baba? Wa yake dama masa farar ƙasa in kana makaranta?"

Na ajiye buroshin.

"Minti arba'in ina ƙarƙashinka ban ji warin fenti ba. Ɗigo ya faɗo mini a hannu, na sa yawu na goge, ya fita. Jami'in nan yana tsaye taku goma daga ni. Kalma ɗaya zan faɗa masa."

Na ce, "Me ya hana ka?"

Ya ce, "Ran nan Mamana ta tambaye ni wane launi zan kai gobe. Ta ce in kawo mata rawaya, ta fi so." Ya goge fuska da tafin hannu. "Shekara shida ni nake buɗe famfon tankar nan, Yaya. Ba manaja ba, ni. Na kasa ajiye makullin da kaina, kullum sai in ce wata mai zuwa."

Na ce maganar asibiti fa?

Ya ce bai sani ba tukuna, za mu nema, ni da shi. Ya tashi, ya kai bakin ƙofa, ya juyo.

"Da fentin mai ka ɗauko ranar nan, wallahi da na girgiza tsanin."

Na yi dariya, na yi ta yi, har Gimbiya ta leƙo ta miƙo mini tsumma mai tsabta in share ido.